Filin Tambaya: Katina ya mutu, zan iya zuwa gida in dawo Italiya da rasit?

Tambaya

Assalamu alaikum Kawu. Ina gaisuwa tare da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ni mutumin Kano ne, shekarata bakwai a arewacin Italiya, ina aiki a wata masana'antar ƙarfe. Sojornona, wato katin izinin zamana a Italiya, na aiki ne, na shekara biyu, ya ƙare a ƙarshen watan Maris. Tun Fabrairu na tura takardun sabuntawa ta gidan waya, aka ba ni ricebuta, wato rasit ɗin da ke nuna na tura, amma ranar ɗaukar yatsu da aka sa mini sai Oktoba. To ga shi an bugo mini waya Inna tana kwance a asibiti, hawan jini ya kayar da ita, ɓarin jikinta ɗaya ya shanye. Rabona da ita shekara huɗu. Kamfaninmu yana rufewa sati uku a Agusta, shi ya sa na yi maza na yanki tikiti ta intanet, daga Milan zuwa Faris zuwa Abuja, dawowa ma ta nan, don shi ne mai sauƙin kuɗi. A masallacinmu baki ya rabu biyu. Wasu sun ce ricebuta daidai take da kati, in tafi kaina tsaye. Wasu sun ce in na fita na fita ke nan. Kawu, wa zan bi?

Amsa

Wa alaikumus salam ɗana. Allah Ya ba Inna lafiya, Ya sa kaffara ne. Ka je ka duba ta. Amma ba da wannan tikitin ba.

Mutanen masallacinku kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya. Masu cewa ricebuta kamar kati take suna magana ne a kan zaman cikin Italiya. Dokar baƙi ta 286 ta shekarar 1998 ta yarda wanda ya nemi sabuntawa a kan lokaci ya ci gaba da zamansa da aikinsa har kwestura, wato hedikwatar 'yan sanda mai ba da katin zama, ta yanke hukunci. Kai kuwa ka tura tun katin bai mutu ba, don haka ta wannan fuskar ba ka da matsala. 'Yan sandan Italiya kuma sun daɗe da bayyana cewa mai jiran sabuntawa yana iya fita ya dawo in yana riƙe da abu uku: fasfo mai rai, tsohon katin da ya ƙare, da ricebutar gidan waya ta asali. Sai dai sun ɗaura sharaɗi ɗaya, wanda shi ne masu cewa "tafi kanka tsaye" suke mantawa: kada tafiyar ta ratsa wata ƙasa ta yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da suka ɗauke binciken iyaka a tsakaninsu, ko da yada zango ne na awa biyu.

Bari in faɗa maka dalili, don in ka gane shi ba wanda zai sake ruɗa ka. Katinka mai rai duk ƙasashen Shengen 29 sun san shi, tsarinsa ɗaya ne daga Lisbon har Helsinki. Ricebuta kuwa takarda ce ta cikin gida, tsakaninka da hukumar Italiya. Jirgin Milan zuwa Faris a wajen Turawa tafiyar cikin gida ce, kamar daga Kano zuwa Legas, ba wanda zai buga maka hatimin fita a Milan. A Faris za ka fita, a Faris kuma za ka shigo ran dawowa. Wanda zai duba ka a can ɗan sandan Faransa ne, shi kuma abin da zai gani a hannunka kati ne matacce da wata takarda da aka rubuta da Italiyanci mai tambarin gidan waya. Fitar ma kana iya shan tambayoyi. Dawowar kuwa ba za ka ma kai gabansa ba, tun a Abuja kamfanin jirgi zai ƙi ɗaukarka. Haka abin yake in ta Firankfot ne, ko Amstadam, ko Burasel, ko Madrid.

Na san inda dattawanku suka samo tasu maganar. A shekarun baya ma'aikatar cikin gida ta Italiya takan fitar da sanarwa ta ɗan lokaci, a hutun bazara ko na ƙarshen shekara, wadda ta ba masu ricebuta damar ratsa wasu ƙasashen Turai. Wanda ya ci moriyar wannan sau ɗaya har gobe rantsuwa yake yi cewa ana wucewa. Ya wuce ɗin, amma a zamaninsa.

Don haka ka mayar da tikitin nan ko ka canza shi, ko da za a yanke maka wani abu. Araha ba ta ado. Ka nemi jirgin da zai tashi daga Milan ko Rum ya sauka a ƙasar da ba ta cikin Shengen: Addis Ababa, Alƙahira, Istanbul, Doha ko Kasabalanka. Kai da za ka Kano ma abin ya zo maka da sauƙi, don jiragen Habasha da na Masar da na Qatar sun saba sauka a filin Malam Aminu Kano, ka huta da hanyar Abuja. Kuma idan kana duba tikitin dawowa, ka karanta shi layi-layi. Akwai tikitin da za ka ga Istanbul a sama, amma a ƙasa da ƙananan haruffa an saka wani zango a Munik ko Biyana kafin Milan. Sawunka na farko a Turai dole ya zama a ƙasar Italiya.

Yanzu ga inda na fi son ka buɗe kunne. A sanina, mutanenmu ba a hannun 'yan sandan iyaka na filin jirgin Malpensa na Milan ko Fiyumicino na Rum suke maƙalewa ba. Waɗannan sun san ricebuta, kullum suna ganinta, suna kuma iya duba sunanka a kwamfuta. Inda ake maƙalewa shi ne kantar auna kaya a filin jirgin ƙasarmu, ran dawowa.

Ni kaina ta ci ni. Shekaru goma sha wani abu da suka wuce mahaifinmu ya rasu, na taho ta'aziyya da ricebuta, ta hanyar da doka ta yarda. Bayan an yi sadakar bakwai da kwana biyu na nufi filin jirgi da kilishi da daddawa da kukar miya cike da jaka. Yarinyar da ke kanta ta juya katina ta ga ya ƙare wata biyar. Na miƙa mata ricebuta. Ta duba gaba, ta duba baya, ta ce, "Alhaji, wannan ai rasit ne na gidan waya." Na ce ƙwarai, shi ne. Ta ce to ina bizar? Na shiga bayani, layi ya yi tsawo a bayana, wani ma yana tsaki. Aka kira babbansu, shi ma bai taɓa gani ba. Ina tsaye aka rufe kanta, ina tsaye jirgi ya tashi. Sai da na ƙara kwana huɗu, ina zarya ofishin kamfanin a cikin gari, kafin manajansu ya aika saƙo Italiya aka amsa masa cewa a ɗauke ni. Na biya kuɗin canjin rana, na kuma sha faɗan mai gidan aikina.

A ranar na ji haushin yarinyar nan ƙwarai, har na faɗi maganar da daga baya na yi istigfari. Yau ba na ganin laifinta. Dokar Italiya tana cin kamfanin jirgi tarar yuro 3,500 zuwa 5,500 a kan kowane fasinja da ya kawo ba cikakkun takardu, sannan shi zai mayar da mutum da kuɗinsa. Ma'aikaciyar da ta saki irin wannan fasinja aikinta ne a bakin ruwa. Abin da take dubawa wani kundi ne a kwamfuta mai suna Timatic, na ƙungiyar kamfanonin jirage ta duniya IATA, wanda ke faɗa mata takardun da kowace ƙasa ke karɓa. In ba ta san inda za ta duba ba, ƙi ya fi mata sauƙi.

Abin da ya kamata in yi, wanda kai nake so ka yi, shi ne kada ka bari sai ranar tafiya. Da ka sauka Kano ka ga Inna hankalinka ya kwanta, cikin satin farko ka je ofishin kamfanin jirgin da fasfo da kati da ricebuta. Ka nemi manaja, ka ce kana so a tabbatar maka tun yanzu, a kuma rubuta a cikin bayanan tikitinka cewa an duba takardunka. Tun kana Italiya ka buga bayanin da ke shafin 'yan sandan ƙasar a kan masu jiran sabuntawa, na Italiyanci da na Turanci, ka sa a jaka. Ran komawa ka isa filin jirgi awa huɗu kafin tashi, lokacin da kanta ba kowa, ma'aikaci yana da sukunin buga waya. Kuma ka yi magana a hankali. Mai ɗaga murya a kanta shi ake fara ajiyewa gefe.

Ran fita daga Milan ma kada ka miƙa fasfo kaɗai. Ka haɗa da katin da ricebutar, ka roƙi ɗan sandan ya buga maka hatimin fita a jikin ricebutar ita ma. Wannan hatimin ya taɓa raba gardama a gabana, don ma'aikacin jirgi da ya ga tambarin iyakar Italiya a kan takardar sai jikinsa ya yi sanyi. Ka duba ricebutar da kyau, in an rubuta mata wa'adi, ka tabbata ranar dawowarka ta faɗo a cikinsa. Ta asali za ka riƙe, fotokwafi da hoton waya na ajiya ne kawai. Ka sa ta a leda, kada ta kwana a aljihun riga. Na san wanda aka wanke masa tasa a gida, cikin ladabi da son a kyautata wa baƙo.

Fasfonka fa? Ba ka faɗa mini ranar ƙarewarsa ba. In ka yi niyyar sabunta shi a Kano, ka sani lambar tsohon ce a cikin takardun da ka tura kwestura, don haka ka dawo da duka biyun. Ni da ni ne, sati uku ba zan sa fasfona a hannun kowane ofishi ba, sai in ba makawa.

Sai lissafin kwanaki. Ciwo irin na Inna ba ya sakin mutum da wuri, kuma na san zuciya. Za ka je da niyyar sati uku, ka ga halin da take ciki, 'yan'uwa su ce ka ƙara, kai ma ka ji ba za ka iya juya baya ba. Akwai igiyoyi uku da ke ɗaure da ƙafarka. Ta farko ranar yatsun nan ta Oktoba. Ba a aike, ba a wakilci, kuma wanda bai je ba ba tare da hujja ba ana iya rufe fayil ɗinsa. Ta biyu wasiƙa. Idan kwestura ta ga wata takarda ta yi ƙaranci, tana iya aiko da gargaɗin cewa za ta ƙi buƙatarka, kuma kwana 10 kacal doka ta ba ka ka amsa. Ka bar wa wani amintacce mabuɗin akwatin wasiƙarka, sunanka kuma ya kasance a rubuce a jikin akwatin, kai ma kana leƙa shafin duba fayil da lambobin da ke kan ricebutarka. Ta uku aikinka. Sojornonka a kan kwantiragin nan yake tsaye. Kamfani ya buɗe ba ka nan, ba takarda, ana iya sallamarka, ka zo yatsu a Oktoba ba takardar albashi. Dokar 53 ta shekarar 2000 ta ba ma'aikaci kwana uku a shekara da albashi saboda rasuwa ko ciwo mai tsanani na makusanci irin uwa, ta kuma buɗe ƙofar neman hutu ba albashi, har zuwa shekara biyu a tsawon rayuwar aiki, saboda babbar lalurar iyali. In ka ga za ka ƙara kwana, ka nema a rubuce, ka haɗa da takardar likita. Kafin ka tashi ka biya ta ofishin patronato na ƙungiyar ƙwadago, kyauta suke duba irin wannan, su nuna maka yadda ake rubutawa.

Akwai kuma iyaka ta can nesa wadda nake fatan ba za ka kusance ta ba. Wanda ya bar Italiya fiye da wata shida a jere ba a sabunta masa. Mai katin shekara biyu an ɗaga masa zuwa rabin wa'adin katin. Ana sassautawa in akwai dalili mai ƙarfi da hujja, amma kai da katinka ya riga ya mutu kada ka gwada tsawon wannan igiya. Ka karɓi takardun asibitin Inna ka ajiye ko da ba ka ga amfaninsu yanzu ba.

Ka gaishe ta. Ka riƙe mata hannun da ya shanye ɗin kana yi mata hira, suna ji.

Tambaya

Malam, barka da aiki. Ina rubuto maka daga Kumasi. Na zo bikin ƙanwata, aka fizge mini jaka a kasuwa, katina na dogon zama yana ciki. Allah Ya taimake ni fasfo yana gida. Ina da hoton katin a waya, gaba da baya. Yarana biyu suna can Italiya wajen babansu, makaranta ta kusa buɗewa. Zan iya hawa jirgi da hoton?

Amsa

Hajiya, sannu da wannan jarrabawa, Allah Ya mayar da alheri. Hoton ba zai hau da ke jirgi ba, kada ki ɓata kuɗin mota zuwa Accra a kan haka. Amfaninsa yana wani wuri.

Ki fara da ofishin 'yan sanda na yankin da abin ya faru, ki ba da rahoto, ki karɓi takarda mai hatimi. Ki tabbata an rubuta a ciki cewa katin zama na Italiya ne ya ɓata, da lambarsa, wadda za ki kwafo daga hoton nan. Rahoton da ya ce "jaka da kayan ciki" kawai ba zai yi miki aiki ba. Daga nan sai ofishin jakadancin Italiya a Accra, ki nemi bizar komawa, wadda suke kira visto di reingresso. Ki riƙe sunan nan da Italiyanci, don kada a sa ki a layin masu neman bizar yawon buɗe ido. Sashe na 8 na ƙa'idar 394 ta shekarar 1999 ya tanadi wannan biza ga wanda aka sace wa kati ko ya ɓatar, da kuma wanda nasa ya ƙare yana waje bai wuce kwana 60 ba.

Ofishin jakadanci ba ya bayarwa sai ya tambayi kwesturar garinku ta tabbatar izininki yana nan. A nan ne lokaci yake tafiya, makonni ake magana, ba kwanaki ba. Maigida da yake can yana da rawar takawa: ya je ofishin baƙi na kwestura ko patronato da kwafin rahoton da na fasfonki, ya sanar da su cewa tambaya tana zuwa daga Accra. Ki haɗa da duk abin da ke nuna rayuwarki tana can, katin shaida na ƙaramar hukuma in bai tafi da jakar ba, takardar zaman gida, takardun makarantar yara. Ki ɗaga tikitinki tun yanzu, kada ki bari ya ƙone. Kina isa, kada kwana 8 na aiki su wuce ba ki nemi madadin katin ba. Mai katin dogon zama yana rasa shi ne in ya yi wata 12 a jere a wajen Tarayyar Turai, don haka lokaci bai matse ki ta wannan gefen ba, yaran ne dai za su fara makaranta ba ke.

Bari in ratse kaɗan saboda wasu masu karatu. Wanda ya manta katinsa a cikin durowa a Italiya, nasa ba ɓata ba ne. Ya sa a aiko masa ta kamfanin aika saƙo mai lambar bibiya, ko ta hannun matafiyi da ya yarda da shi. Kada ya je ya ce wa 'yan sanda an sace. Ƙarya ce, laifi ne, kuma katin da aka ba da rahoton ɓatansa ana saka lambarsa a kwamfuta. Ranar da ya fito da shi a iyaka, shi za a tambaya inda ya samo.

Tambaya

Kawu, ni ta Agadas da Libiya na shigo. Takardata ta kariya ce, ina jiran sabuntawa, kwestura ta ba ni ɗan guntun rasit mai hotona. Ana so in zo gida a ɗaura mini aure. Abin da ake faɗa a kan ricebuta ya shafe ni?

Amsa

Ɗana, bai shafe ka ba, kuma ina roƙonka kada ka yanki tikiti. Taka matsalar ta wuce ta hawa jirgi. An ba ka kariya ne a kan cewa komawa ƙasarka haɗari ne gare ka. Tun 2018 dokar Italiya ta ce komawar mai mafaka ko mai kariya ƙasarsa abin dubawa ne wajen janye masa matsayin, sai in akwai dalili mai tsanani da hujja, kuma a 2023 an ƙara tsaurara ta har ta haɗa da gajeriyar ziyara. Hatimin filin jirgin gida a fasfo ya isa shaida. Biki kuwa da wuya a karɓe shi a matsayin dalili mai tsanani. In kuma har yanzu kana matakin neman mafaka ne, ba a yanke maka hukunci ba, to fita daga Italiya ma ba taka ba ce.

Ba ka faɗa mini ainihin abin da aka rubuta a katinka ba, kuma kariya iri-iri ce, kowace da hukuncinta. Ka kai katin da rasit ɗin wajen lauyan baƙi ko patronato su karanta maka, ka tambaye su ko irin taka tana juyuwa zuwa ta aiki. Aure kuwa ai ba sai ango yana wurin ake ɗaura shi ba. Ka wakilta baffanka ya karɓa maka, ka aika sadaki da kuɗin goro, a kira ka a waya ka ji fatiha.